Gyaran Gida: Bango Tuwo Ne, Sai Da Miya

Wasiƙun wannan watan kamar an haɗa baki. Huɗu na zaɓo, kuma duk kukan bango ɗaya suke yi, wato launin nan da masu gidajen haya na Abuja suka riƙe kamar gadon kaka: bai kai fari ba, bai kai ruwan ƙasa ba. A kantin fenti za ku ji ana ce masa beij. Kalmar Faransanci ce, asalinta sunan ulun tumaki ne da aka bari yadda Allah ya halicce shi, ba a rina ba, ba a sa masa sinadarin fari ba. Ni dai kalar kwali nake kiransa, don da shi teloli da kafintocin da nake hulɗa da su suke gane abin da nake nufi.

Assalamu alaikum Anti. Bikina saura mako bakwai. Gidan da angon ya kama a Kubwa daga falo har kicin kalar kwali ne, mai gidan kuma ya ce kada a taɓa masa fenti. Babana ya riga ya ba da aikin kujeru a Kugbo, su ma ruwan madara mai ɗan duhu. Ni so nake labule da kafet su bi sahu, komai ya tafi iri ɗaya kamar yadda nake gani a Instagram. Gwaggona, wadda ita za ta jagoranci jere, ta ce ba za ta jera wa 'yarta ɗaki kamar wurin jiran likita ba, sai an sa ja da ruwan gwal. Har ta fara fushi da ni. Wa ya fi gaskiya?
Amarya mai jiran gado, Kubwa

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa: Gwaggo ta fi ki gaskiya. Sai dai ita ma ta zarce.

Kalar kwali tuwo ce. Ba ta gundura, kuma tana zama da miya iri-iri. Amma bango tuwo, kujera tuwo, labule tuwo, kafet tuwo? Kin tuƙa malmala huɗu kin ajiye wa baƙi gaya. Hotunan da kike gani a waya an ɗauke su da hasken da aka tsara, a ɗakin da ba a taɓa soya manja kusa da shi ba, kuma in kin ƙura ido za ki ga ko a can akwai abin da ke riƙe kallo: baƙar ƙafar tebur, katako mai duhu, tukunyar shuka. Gwaggo kuwa so take ta zuba kuka da taushe da jar miya a kwano ɗaya. Miya ɗaya ake so, mai kyau, sai ɗan man shanu a kai.

Kafin ki sayi ko ƙyalle, ki sa a buɗe miki gidan da hantsi. Ki tafi da farar takarda, irin wadda ake buga wasiƙa da ita a ofis, ki manna a bangon falo, ki ja da baya taku uku. Kusa da fari na gaske bango ba ya iya ɓoye asalinsa. Kalar kwali 'ya'ya uku gare ta. Akwai mai karkata ga rawaya, kamar madarar gwangwani. Ita na fi tararwa a gidajen hayar da nake shiga. Akwai mai karkata ga ruwan hoda, kamar ɓawon ƙwan kazar gidan gona. Akwai kuma mai toka-toka, kamar yashin gini da ya sha rana. Ki sa kafinta ya yanko miki guntun yadin kujerun, ki kara shi a bangon kusa da takardar. In bango ya nufi rawaya, kujeru suka nufi hoda, to rigima ta tashi tun labule bai shigo ba, gara kuma ki sani yau, tun ba a gama lulluɓe kujerun ba.

In mai rawaya ce, amininta shuɗi ne mai duhu, irin na rinin baba. Ba camfi ba ne. A da'irar launuka da masu zane ke aiki da ita, shuɗi da ruwan goro suna fuskantar juna ne, kalar kwali kuwa jinin ruwan goro da rawaya ce da aka tsinka da fari aka dusashe, shi ya sa kowanne ke fito da ɗan'uwansa. Kore mai duhu kamar ganyen mangwaro shi ma yana zama da ita lafiya. Abin da ba ta so shi ne ruwan hoda mai haske da shunayya mai haske. Kina kawo su bangon zai koma kamar ya shekara ba a share masa ƙura ba.

In mai hoda ce, nan kasuwar Gwaggo ta buɗe, don ja na zama da ita, amma ba jan tumatir ba. Ruwan zoɓo mai kauri, ko jan tukunyar ƙasa, ko ruwan makuba. Kore mai dusashewa irin na garin kuka ma yana yi mata kyau ainun. Ki raba ta da rawaya mai kaifi. Mai toka-toka ita ce mai sauƙin kai, duk wanda ya yi sallama amsawa take: baƙi, shuɗi, ruwan goro, kore. Kuma ko da gwajin ya nuna bangonki mai rawaya ne, ruwan zoɓo mai duhu ba zai ba ki kunya ba. Ja mai ihu ne ke faɗa da kowa.

Masu wannan sana'a suna da wani ƙiyasi: kashi 60 na abin da ido ke gani ya zama launin tushe, 30 launi na biyu, 10 na ado. Ba aya ba ce, ba wanda ke yawo da tef yana aunawa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A falonki bango da kujeru sun riga sun cinye 60 ɗin har da gyara.

Ga abin da zan yi in ni ce. Kafet ɗin tsakiya za a fara saya, mai zane, wanda a cikinsa akwai ruwan zoɓo da ɗan kalar kwali. Ya fi sauƙi ki nemo wa kafet yadi da ki riƙe yadi kina zagaya kasuwa neman kafet. Daga cikin zanensa za ki ciro launin filon kujera, huɗu ko biyar, kada duka su fito daga yadi ɗaya. Sai abu guda a bango mai ɗauke da wannan jan. Wuri uku ke nan. Launin da ya fito sau ɗaya a ɗaki kamar baƙon da ya yi ɓatan hanya yake, in ya fito sau uku ya zama ɗan gida. Teburin tsakiya da na talabijin su zama katako mai duhu. Su da labule su ne 30 ɗinki. Labulen kuwa ko dai ya fi bango duhu sosai, ruwan makuba misali, ko ya fi shi haske ƙarara. Abin da na hana shi ne kusa-da-kusa. Kalar kwali biyu da suka yi kama amma ba su zama ɗaya ba, duk wanda ya shigo zai ɗauka kin nema ne ba ki samu ba.

Ruwan gwal shi ne man shanun. Sandar labule, bakin madubi, faranti ɗaya a kan tebur, shi ke nan. In ya hau kujera ya hau labule ya hau agogo, falo ya koma zauren biki, kuma ke za ki zauna a ciki bayan 'yan biki sun watse.

Kada ki je wa Gwaggo da cewa wata a mujalla ta ce. Ki ɗauke ta ku shiga kasuwar Wuse, ki ware yadi uku duk ruwan zoɓo, ki ce, Gwaggo zaɓar mini. Ta samu janta, ke kin samu natsuwar ɗakinki. Ki kuma sani idonta ba na banza ba ne. Ta tashi ta ga ɗakunan iyayenmu mata, bango ruwan ƙasa daga sama har ƙasa, aka jera masa kwalla da langa masu furanni da tasoshi masu sheƙi, ɗaki ya haska. Abin da take gudar miki shi ne ɗakin da ba shi da fara'a.

Hajiya, barka da aiki. Na gama ɗan ginina a Lugbe. Da kaina na je Dei-Dei na zaɓi fenti kalar kwali a jikin katin launuka, ya yi mini kyau ƙwarai. Da rana ba laifi, amma da dare bangon sai ya koma wani iri, kamar ruwan wanki. Uwargida ta sa labule kore, su ma da dare mutuwa suke. Mai fentin ya ce a sayo bokiti biyu a sake. In sake?
Magidanci, Lugbe

Malam, Allah ya sa an shiga a sa'a. Kada ka sayi ko galan ɗaya tukuna. Ka hau kujera ka kwance ƙwan fitilar falon, ka karanta abin da ke jikinsa ko jikin kwalinsa. Ina kyautata zaton za ka ga 6500K. Wannan lambar ba ƙarfin haske take nunawa ba, launinsa take faɗa. 6500K fari ne mai shuɗi-shuɗi, irin wanda ya cika shagunanmu. 2700K zuwa 3000K shi ne mai ɗumi, ɗan'uwan tsohon ƙwan nan da muka tashi da shi. 4000K na tsakiya. Haske mai shuɗi yana danne ɗumin da ke cikin kalar kwali, sai ya bar maka toka da ɗan kore-kore, ruwan wankin da ka gani ke nan. Ka sayo ƙwan 3000K daidai yawan fitilun falon, ka sa su duka, ka zauna bayan isha ka duba. Kuɗinsu bai kama ƙafar na bokitin fenti ba. Kada ka gauraya mai ɗumi da mai fari a ɗaki ɗaya. Kicin da inda yara ke karatu kana iya barin mai farin.

In akwai wutar nan mai sauya launi da ake zagaya silin da ita, yau shuɗi gobe shunayya, ka kashe ta lokacin gwajin. Ni da za a bi tawa ma a bar ta a kashe, amma wannan ra'ayina ne.

In ka sauya ƙwai bangon bai gyaru ba, sai a yi maganar fenti, amma ba da kati ba. Katin launi bai kai tafin hannu ba, launi kuwa in ya bazu a bango ƙarfi yake ƙarawa. Ka sayi ƙaramin galan na lita 4, a shafa faɗin mita ɗaya a bango biyu daban, a yi shafi biyu, a bari ya bushe sarai, don ɗanyen fenti ba ya faɗin gaskiya. Ka duba da hantsi, ka duba da la'asar, musamman in tagarka na kallon yamma, ka duba da dare. Ka kalli tayil ɗinka ma: in mai toka ne, kalar kwali mai toka-toka ce za ta zauna da shi, mai rawaya kullum za ta riƙa yi masa kallon hadarin kaji. In kuma mai fenti ne zai haɗa launin da hannunsa, ya haɗa na falon gaba ɗaya a lokaci guda. Haɗin safe da na yamma ba sa zama ɗaya ko da ya rantse.

Labulen uwargida kuma ba su yi laifin komai ba, kaɗaici ke damunsu. A samo musu filo biyu masu kore a jiki, da tukunyar shuka ɗaya daga masu sayar da fulawa na bakin titi.

Anti, ni 'yar Kano ce, aure ya kawo ni Gwarinpa. Falona kalar kwali ne, kujeru ruwan makuba. Ina kewar gida, ina so in sa kayanmu na gargajiya, amma maigidan ya ce kada in mayar masa da falo shagon kayan tarihi. Yaya zan yi?
Bakanuwa a Gwarinpa

Ƙanwata, wasiƙarki ta fi kowace faranta mini. Launin nan da muke ta kira da sunan Faransanci namu ne tun kaka da kakanni. Shi ne launin tabarmar kaba, da ƙwarya, da rigar tsamiya ta manya, wadda zarenta na siliki ne daga tsutsar daji, kuma haka yake fitowa ba sai an rina ba. Duk abin da hannun mutanenmu ya yi domin ɗakin ƙasa, zai zauna a bangonki kamar don shi aka yi.

Tunda daga Kano kike, na san inda zuciyarki ta nufa: marinar Ƙofar Mata, wadda allonta ke cewa tun 1498 take. Shuɗin baba a kan kalar kwali, da kujeru ruwan makuba a tsakani, ban san haɗin da ya fi shi ba. Amma ki saurari abin da ya same ni.

Shekarun baya na gyara wa wata baiwar Allah falo, kujeru ruwan madara sababbi fil. Na ɗinka filo shida da ƙyallen rini da na ɗauko da hannuna daga Kano. Ban wanke ba, don ina son sheƙin nan na bugu. Ranar da na jera su ni kaina sai da na tsaya bakin ƙofa ina kallo. Bayan mako biyu ta kira ni, murya a sanyaye. An yi suna a gidan, cikin zafin watan Maris, aka ɗauke wuta, mata suka jingina suna ta gumi. Na zo na ɗaga filon farko. A jikin kujerar ga shatinsa kusurwa huɗu, shuɗi shar, kamar an buga hatimi. Na ɗaga na biyu, haka. Shida reras. Wata baƙuwa ma an ce ta tafi da rabonta a bayan farin leshinta. Daga aljihuna aka sake yadin kujerun nan, kuma har yau in na ga filo mai shuɗi sai hannuna ya kai kansa.

Dalilin shi ne baba ba ya kama zare kamar sauran rini, kwanciya yake a kansa, shi ya sa sabon wandon jins ma yake bar wa farin takalmi shaida. Ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a yadin. In ya ɗauko shuɗi, ki wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi, ki sake, ki sake, har ƙyallen ya fito fari. Kujerunki masu duhu ne, ba za su nuna ba, amma kayan baƙinki za su nuna. Hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce ki sa a ɗaure yadin a firem a rataye a bangon da rana ba ta dukansa. Babba guda ɗaya ya fi ƙanana biyar.

Bayan shi ki ƙara abu ɗaya ko biyu, kada ki wuce. Faifai biyar ko bakwai a tattare a bango guda, manya da ƙanana, ba a warwatse ba. Ko tukunyar ƙasa babba a kusurwa. Ba sai kin je nesa ba, ga Ushafa nan a yankin Bwari, ƙauyen maginan tukwane da Bill Clinton, shugaban Amurka na lokacin, ya ziyarta a 2000. Ƙasar Abuja ce ta haifi Ladi Kwali, shahararriyar mai ginin tukwane wadda hotonta ke bayan naira 20, saboda haka jan tukunya a falon Abuja ba baƙo ba ne. Ko tumtum na jar fata, fatar jan akuyar Sakkwato da ayari suka riƙa ƙetare hamada da ita a zamanin da har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Ko farantin tagulla na Bida a kan tebur. Kin ga na ce ko, ban ce da ba. Maigidan yana da gaskiya a nan: ranar da kika tara su duka, baƙi za su fara tambayar farashi.

Hajiya, yarana huɗu, babban shekararsa 9. Bango kalar kwali, kujeru ma haka. Wane launi zan ƙara wanda ba ya nuna datti?
Maman yara, Nyanya

Maman yara, sannu da fama. Babu shi. Mai haske yana tona manja da biro, mai duhu yana tona ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, in hunturu ya sauka, filo baƙi ko shuɗi mai duhu marar zane kafin azahar ya yi furfura. Ki tsaya a tsakiya: jan ƙasa, ruwan goro mai duhu, koren garin kuka, kuma masu zane, don zane ke ɓoye tabo. In za a sake fenti, ki ce a sa fenti mai ɗan sheƙi da ake kira satin ko da daga ƙasa zuwa inda hannun babban ke kaiwa, shi yana goguwa da jiƙaƙƙen tsumma, imalshan na gama-gari kuwa biyo tsumman yake. Kaskon turaren wuta ki janye shi daga jikin bango da labule.

Ba sai kin kashe kuɗi ba ma. Ki buɗe akwati ki ciro atamfar ankon da kika sa sau ɗaya, wadda ke da ɗan kalar kwali a cikin zanenta. Ki kai wa tela ya yi miki rigunan filo masu zif, saiti biyu: ɗaya a kan kujera, ɗaya a kan igiya.